Atisaye ta waya ga masu amosanin gwiwa: muhawarar zauren lafiya na mutanen Jos

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum, jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Maudu'in wannan makon ya samo asali ne daga tambayoyin da wasunku suka yi ta aiko mini ta gefe a kan wani salon kula da amosanin gaɓɓai da ake yayatawa yanzu, inda ake wayar wa mai ciwon gwiwa ko na kwatangwalo da kai a kan cutarsa, a tsara masa atisayen da zai riƙa yi a cikin ɗakinsa, sannan a riƙa bibiyarsa ta manhajar waya ko ta kiran bidiyo, maimakon ya riƙa zarya zuwa sashen gashi na asibiti. Abin da muke son sani shi ne ko wannan hanya tana rage ciwo da gaske, kuma idan ta yi wa mutanen Turai amfani, ko za ta yi wa iyayenmu na Anguwar Rogo da Gangare da Bukuru. Ina roƙon kada kowa ya tallata magani a ƙarƙashin wannan maudu'i, domin duk wanda ya yi hakan zan goge saƙonsa. Likitar gashin ƙashi da ke cikinmu ta amince ta buɗe mana fage.

Likitar Gashi: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kafin a zo kan waya, ya kamata mu san abin da ake son wayar ta isar. Amosanin da muke magana a kansa shi ne wanda guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi yake lalacewa sannu a hankali, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya sauya siffa, tsokar da ke riƙe da gaɓar ta yi rauni, har mutum ya riƙa jin ciwo idan zai tashi ko zai hau matakala, gwiwar ta riƙa ƙara, da safe kuma ta sage na ɗan lokaci kafin ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana dawo da guringuntsin da ya tafi. Shi ya sa ƙa'idojin jinya, irin waɗanda hukumar NICE ta Ingila ta fitar a watan Oktoba na 2022, suka sa abu uku a gaba: fahimtar cutar, motsa jiki na musamman, da rage ƙiba ga mai ita. Magani yana biyo bayansu a matsayin mataimaki, tiyatar sauya gaɓa kuwa sai an gwada waɗannan sun gaza.

Tsarin da ya fi shahara wajen haɗa ilimin da atisayen shi ne GLA:D, wanda Farfesa Ewa Roos da Søren Skou suka faro a Jami'ar Kudancin Denmak a 2013. Ana yi wa majinyaci zama biyu na bayani, sannan zama 12 na atisaye cikin mako shida a gaban likitan gashi. Da aka tattara bayanan majinyata sama da dubu 28 daga Denmak da Kanada da Ostiraliya, an ga ciwonsu ya ragu da tsakanin kashi 26 zuwa 33 cikin 100 bayan kammala shirin. Manhajojin da ake magana a kansu, irin su Joint Academy ta Suwidin, sun ɗauko irin wannan darasi ne suka zuba shi a waya. Ke nan maganin bai sauya ba, ɗan aiken ne ya sauya.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma ki yi haƙuri da tambayar tsoho. Na daɗe da wannan ciwo a gwiwar dama, kuma da aka ɗauki hoton ƙashina an nuna mini yadda sararin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ya matse. Tayar mota idan ta suɗe, ba a gyara ta da ƙarin gudu a kan hanyar Bukuru, ajiye motar ake yi ko a sauya tayar. Ta yaya kuma za a ce abin da ya zaizaye a ci gaba da gurza shi, har ma a ce waya ce za ta umarce ni da hakan? Ni a ganina wannan dabara ce ta ƙasashen da likitocinsu suka yi wa marasa lafiya kaɗan, suna son su sallame su zuwa gida da sunan ci gaba.

Likitar Gashi: Baba, wannan tambaya ita ce kan gaba a duk abin da majinyata ke tambayata, kuma saboda ita aka sa ilimi kafin atisaye. Taya ba ta da rai, gwiwa kuwa tana da shi. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, abincinsa yana zuwa ne daga ruwan da ke cikin gaɓar, wanda ke shiga yana fita idan an taka an ɗaga, don haka gwiwar da aka killace ba ta hutawa, yunwa take sha. Tsokar gaban cinya kuma ita ce ke ɗauke wa gaɓar wani ɓangare na nauyi a duk taku, idan ta rame saboda zama sai nauyin ya koma kan inda ke ciwo. Batun hoto kuwa, an daɗe da sanin cewa abin da hoto ya nuna da zafin da mutum ke ji ba sa tafiya daidai: akwai mai mummunan hoto da ke zuwa gona, akwai mai hoto da dama-dama da ba ya iya barci. Shi ya sa NICE ta ce wanda ya kai shekara 45, yana jin ciwo idan ya motsa, sagewar safe kuma ba ta wuce minti 30, ana iya gane cutarsa ba tare da hoto ba.

Malamin Jami'a: Yallaɓai Hedimasta, zarginka na biyu yana da ƙamshin gaskiya, domin rahusa da ƙarancin ma'aikata suna cikin abin da ya sa aka nemi wannan hanya. Amma dalilin da ya sa aka ƙirƙiri abu daban, ko abin yana aiki daban, kuma an gwada shi ta hanyar da masana suka fi yarda da ita, wato a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bari in kawo waɗanda na karanta.

A wani gwaji da aka buga a 2017, Farfesa Kim Bennell da abokan aikinta na Jami'ar Melbon a Ostiraliya sun ɗauki mutum 148 masu shekara 50 zuwa sama da ke fama da ciwon gwiwa. Rabi sun sami bayanai kawai a intanet, ɗaya rabin kuma sun ƙara da ganawa bakwai da likitan gashi ta Skype da wani darasi na koyon jure ciwo. Kashi na biyu sun fi samun sauƙin ciwo da ƙarfin gudanar da harkokinsu bayan wata uku, kuma bambancin yana nan a wata na tara. A 2021 an buga wani gwaji daga Notingham ta Ingila a kan manhajar Joint Academy, inda bayan mako shida masu manhajar suka fi masu bin kulawar da aka saba raguwar ciwo da kimanin maki ɗaya da rabi a ma'aunin sifili zuwa goma, sai dai mutum 105 kacal aka yi lissafin da su, saboda annobar korona ta katse aikin. A 2021 ɗin ne kuma masu binciken Melbon suka buga gwajin shafin intanet kyauta haɗe da saƙonnin tes masu tunatarwa, babu likita ko ɗaya a tsakani, a kan mutum 206 na tsawon mako 24. Kashi 72 cikin 100 na masu atisayen sun sami raguwar ciwon da ta kai a ce an ji ta a jika, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 42 ne.

Wanda ya fi amsa tambayar Hedimasta shi ne na mujallar Lancet a 2024, ƙarƙashin Farfesa Rana Hinman. Mutum 394 aka raba, wasu suka ga likitan gashi ido da ido sau biyar cikin wata uku, wasu suka gan shi sau biyar ta bidiyo. Sakamakon bidiyon bai gaza na ido da ido ba, a ciwo ko a ƙarfin motsi.

Ba duka ne suka yi daɗi ba, kuma adalci ne a faɗa. A 2018 an buga wani gwaji da aka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka da mutum 350, inda atisayen intanet bai nuna fifiko a fili ba a kan waɗanda aka bari suna jiran layi bayan wata huɗu, kuma abin mamaki, zuwa wurin likitan gashi ma bai nuna ba. Bitar ƙarshen 2024 ta Cochrane, ƙungiyar masana mai tace sakamakon binciken lafiya, wadda ta tattara gwaje-gwaje 139 na motsa jiki ga amosanin gwiwa, ta ce amfanin yana nan amma matsakaici ne, ba irin wanda masu talla ke kururutawa ba. Su kuma alƙaluman GLA:D da Likita ta kawo, na waɗanda suka shiga shirin ne kawai, babu wani rukuni da aka ajiye a gefe don kwatantawa, kuma mutum yakan nemi magani ne a lokacin da ciwo ya yi tsanani, lokacin da ko ba a yi komai ba yakan ɗan lafa daga baya.

Maman Walida: Malam, na gode da wannan bayani, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk waɗanda ka lissafa mutane ne masu karatun boko a harshensu, masu wuta dare da rana, masu intanet a gida. Surukata tana Anguwar Rogo, ƙaramar waya gare ta, da ita take amsa kira, lambobin 'ya'yanta ma ta wurin zamansu a jerin take gane su. Na taɓa buɗe mata wani bidiyon atisaye a wayata, sai ga wata baturiya da matsattsun kaya ta kwanta a ƙasa tana ɗaga ƙafa sama, ga wata ƙatuwar ƙwallo a gefenta. Hajiya ta kalla, ta gyara mayafinta, ta ce in ɗauke mata wannan abin daga gabanta, ita ba ta haukace ba. Ko da ta yarda ma, kwanciya a ƙasa da tashi daga ƙasan shi ne ainihin abin da ke gagararta. To wace manhaja ce za ta yi mata magana da Hausa, ta kuma san cewa a gidanmu banɗakin tsugunno ne, girki a kan kujera 'yar tsugunno ake yi, zaman gaisuwa kuma a kan tabarma?

Malamin Jami'a: Hajiya, kin taɓo inda duk waɗannan bincike suke da rauni, domin sharaɗin shiga yawancinsu shi ne mutum ya iya karatu kuma yana da intanet, wanda ba shi da su tun a ƙofa aka tsayar da shi. Sai dai akwai aikin da aka yi a gida Najeriya wanda ya fi kusa da halin Hajiya Babba. A 2013 Adesola Odole ta Jami'ar Ibadan da abokin aikinta sun buga gwajin da suka yi da majinyata 50 masu amosanin gwiwa. Rabi suna zuwa asibiti sau uku a mako, rabi kuma suna atisayen a gida, likitan gashi yana kiransu a waya sau uku a mako yana bin sawu, har mako shida. Duka ɓangarorin sun sami sauƙi kuma ba a ga bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu ba. Mutum 50 ba su da yawa, mako shida ma gajere ne, amma ki lura cewa kira ne kawai, babu manhaja, babu data. Haka kuma ma'aunin amosanin gwiwa da kwatangwalo da masanan Ibadan suka tsara bisa irin rayuwarmu, an fassara shi zuwa Hausa an kuma gwada ingancin fassarar tun 2008, don haka ba daga sifili za a fara ba.

Mama Zumunta: Salama gare ku duka. Ni daga Nasarawa Gwom nake, kuma abin da Maman Walida ta faɗa haka yake a wurinmu. Matanmu da suka shekara suna ɗaukar buhun dankali da kwandon tumatir a Farin Gada, yanzu durƙuso wajen addu'a ya gagare su, wasu har hawan tudun da zai kai su majami'a sun daina. Amma ina da shawara. Me ya sa dole sai kowace tsohuwa ta mallaki babbar waya? Muna taruwa kowane mako a zumuntar mata, ku ma kuna taruwa a Islamiyya. Waya ɗaya ta isa mata goma sha biyar, in dai akwai yarinya mai hankali da za ta riƙe ta, likita ta yi magana daga can, mu kuma mu yi tare a kan bencinan da muke zama. Mace ita kaɗai a ɗaki za ta yi kwana biyu ta watsar, amma idan ta san ƙawarta za ta tambaye ta ranar taro, kunya ma za ta sa ta yi.

Likitar Gashi: Mama, kin faɗi abin da ni ma nake gani a wurin aiki. Babbar matsalar atisaye ba koyonsa ba ce, ɗorewa a kansa ce, kuma amfaninsa yana dusashewa idan aka daina. Abin da waya ta fi iyawa shi ne tunatarwa da tambayar "kin yi na yau?", kuma saƙon murya na WhatsApp ko kira na minti uku yana iya yin wannan.

Maman Walida, Hajiya ba ta buƙatar kwanciya a ƙasa ko sauya sutura. Ta zauna a kujera mai ƙwari wadda aka jingina da bango, ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafunta baya kaɗan, ta sunkuyo da ƙirji gaba, ta miƙe tsaye, sannan ta koma ta zauna a hankali ba tare da ta faɗa ba. Idan da farko sai ta dafa, ta dafa. Na biyu, tana zaune ta miƙe ƙafa ɗaya har gwiwar ta miƙe sarai, yatsun suna kallon sama, ta ƙirga biyar, ta sauke. Na uku, ta riƙe bango ta hau dokin ƙofa da ƙafa ɗaya ta sauko. Ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako, domin tsoka ba ta ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba. Ƙa'idar ciwo kuma ita ce wadda ya wajaba kowa ya haddace: idan aka auna zafi daga sifili zuwa goma, wanda bai wuce biyar ba a lokacin atisaye abin karɓa ne, matuƙar ya koma yadda yake kafin washegari. Idan ya kwana ya wuni bai sauka ba, ko gwiwar ta kumbura, a rage yawan, kada a daina gaba ɗaya. A makonnin farko ciwon yakan ɗan ƙaru, kuma wanda ba a gaya masa haka tun farko ba, a nan yake gudu.

Matashin Dilimi: Ranki ya daɗe, ni shekaruna 27, ina gyaran waya. Kwatangwalona na hagu ya daɗe yana ciwo, har na fara ɗingishi, da dare ma yana tashe ni. Na sauke wata manhaja ta amosani na fara bin atisayenta, amma abin ƙaruwa yake yi. In ci gaba bisa wannan ƙa'ida ta biyar?

Likitar Gashi: A'a, ƙanena, ka dakata daga yau ka je asibiti a duba ka, a kuma ɗauki hoto. Shekarunka ba na wannan amosanin ba ne, sai dai in ka taɓa samun mummunan rauni a gaɓar. Ka san rukunin jininka na gado? A ƙasarmu matashi mai ciwon kwatangwalo da ɗingishi dole a yi tunanin sikila, wadda ke toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya lotsa, haka ma yawan shan magungunan sitiroyid yana jawo irin wannan, kuma tarin fuka yana iya kama gaɓa. Ga jama'a baki ɗaya: gaɓar da ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi da ja, ko ciwo tare da zazzaɓi ko rama, ko sagewar safe da ke ɗaukar sa'a guda tare da kumburin yatsun hannu biyu, ko ciwon da ya biyo bayan faɗuwa, duk ba na manhaja ba ne. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan kowa ya fara ta waya kafin ƙwararre ya taɓa gaɓar da hannunsa aƙalla sau ɗaya. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo da sauran manyan asibitocin gari. Zuwa ɗaya ko biyu ba daidai yake da zuwa goma sha biyu ba a kuɗin keke da wahalar tsoho.

Mai Kantin Magani: Ina so in ƙara abin da ake mantawa idan ana auna amfanin atisaye, wato abin da yake maye gurbinsa. Masana suna cewa amfanin matsakaici ne, na yarda, amma ku zo ku tsaya a bayan kanta ku ga abin da tsofaffinmu ke sha a madadinsa. Ana zuwa mini da ƙullin leda na "haɗi" da aka saya a tasha ko a hannun masu yawo, idan na buɗe sai in ga diclofenac da ibuprofen da piroxicam a tare, dukansu dangi ɗaya, ga dexamethasone, wanda sitiroyid ne, a kai. Mutum ya sha ya ji garau, bayan wasu watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, hawan jini ya ƙi sauka, gyambon ciki ya fara zubar da jini, wani kuma ƙoda ta taɓu. Ga gwiwa, wanda ake shafawa shi ake fara bayarwa kafin na sha, domin kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Glucosamine kuwa da ake saye da tsada, NICE ta ce kada a bayar da shi saboda babu ƙwaƙƙwarar hujjar amfaninsa. Ni mai sayarwa ne, amma gaskiya ɗaya ce. Wanda kuma ya daɗe yana shan dexamethasone kada ya yanke shi dare ɗaya, ya ga likita a janye masa a hankali.

Malam na Gangare: Allah ya saka wa masana da alheri. Da yawa daga cikin dattawan da ke zuwa wurina damuwarsu ba tafiya ba ce, salla ce, wasu har suna jin kunyar a gan su da kujera a sahu. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya yanke magana: a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba a zaune, wanda bai iya ba a kan gefensa. Sai dai malamai sun yi bayanin cewa wanda ke iya tsayuwa amma sujada ce ke gagararsa, ya tsaya a inda ake tsayuwa, ya zauna ya yi nuni a inda ake sujada, ba ya zauna tun daga kabbarar harama ba. Na ga wannan ya yi daidai da abin da Likita ke cewa, domin mai yin haka yana tashi daga kujera yana komawa sau da yawa a yini.

Tsohon Hedimasta: Malam, ka warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna. Amma 'yata Likita, saura biyu. Na farko, sanyin Jos na watan Disamba da Janairu, wanda kowa ya san yana tayar da wannan ciwo. Na biyu, kin ce a rage ƙiba, to mutumin da ba ya iya tafiya mai nisa ta yaya zai rage?

Likitar Gashi: Baba, sanyi ba ya haddasa cutar, amma majinyata da yawa suna jin gaɓar ta fi sagewa a lokacinsa, kuma a lokacin ne mutane suka fi lafewa a ɗaki, wanda ke ƙara rura abin. Ka jira rana ta ɗan ɗaga, ka ɗora tsumma mai ɗumi a gwiwar na ɗan lokaci, ka yi tattaki a tsakar gida, sannan ka fara. Ƙiba kuwa a kwano ake rage ta fiye da a hanya: malmalar tuwo, shayi mai sukari da yawa, lemon kwalba, da man da ake malalawa a miya. Wani gwaji na Amurka da aka buga a 2013 da mutum 454 masu ƙiba ya nuna cewa waɗanda suka haɗa gyaran abinci da atisaye na wata 18 sun zubar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu, kuma sun fi masu atisaye kaɗai samun sauƙin ciwo. Idan kana riƙe sanda, ka riƙe ta a hannun hagu tunda gwiwar dama ce ke ciwo, wajen hawa ka fara da lafiyayyar ƙafa, wajen sauka ka fara da mai ciwon.

Maman Walida: Likita, idan aka bi shawarar Mama Zumunta, ke za ki ɗauki nauyin bibiyar? Kuma ta yaya za ki gane ko tsohuwa tana yi daidai ba ki gan ta ba?

Likitar Gashi: Zan iya naɗar bayani da Hausa da gajerun bidiyoyi, da dattijuwa mai zani da mayafi a kan kujerar roba, in saka a nan kyauta. Bibiyar mutum ɗaya-ɗaya kuwa aiki ne mai cin lokaci, kuma a ƙasashen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje akwai inshora ko gwamnati da ke biyan wani ɓangare na irin wannan kulawa, don haka dole a zauna a yi maganar wanda zai biya, ko da karo-karo ne na ƙungiya. Duk wanda zai karɓi kuɗinku da sunan likitan gashi ta waya, ku nemi shaidar rajistarsa da hukumar MRTB mai ba mu lasisi. Batun gani kuma, ɗan gajeren bidiyo da jika zai ɗauka daga gefe ya ishe ni in ga ko gwiwar tana karkatowa ciki, amma a turo mini kai tsaye da izinin mai jikin, kada a saka hoton matar kowa a zauren da ke da ɗaruruwan mutane.

Malamin Jami'a: Ina da sharaɗi ɗaya idan za a yi, shi ne a auna kafin a fara, domin "na ji dama-dama" amsa ce da tsofaffinmu ke bai wa duk wanda ya kyautata musu, ko sun ji ko ba su ji ba.

Tsohon Hedimasta: Wannan sharaɗin ya yi mini, domin ni ban taɓa ba ɗalibi maki ba tare da jarrabawa ba. Har yanzu ban sakankance ba, amma a rubuta sunana a masu gwadawa. Da me za a auna, tunda ba mu da na'ura a gida?

Likitar Gashi: Da kujera da agogon waya, Baba. A sami kujera marar hannu mai tsayin kimanin santimita 43 daga ƙasa, a jingina ta da bango, ka harɗe hannuwa a ƙirji, wani ya riƙe agogo ya ƙirga sau nawa za ka miƙe sarai ka koma ka zauna cikin daƙiƙa 30. A rubuta adadin a littafi tare da makin ciwonka na wannan makon daga sifili zuwa goma, da yawan ƙwayoyin rage zafi da ka sha. Bayan mako shida a maimaita da kujerar nan dai, da takalmin nan dai, a irin lokacin nan na yini. Wanda ke da ciwon zuciya, ko jiri, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ya fara ganin likitansa tukuna, kuma ranar awon wani ya tsaya kusa da kai.